Shiga Kafafen Sada Zumunta: Yanke Shawara, Kiyaye Lokaci da Tsare Sirri

Gabatarwa

Kafafen sada zumunta su ne manhajojin waya da na kwamfuta da mutane ke haɗuwa a cikinsu ta intanet domin su gaisa, su aika saƙo, su nuna hoto ko bidiyo, su kuma ji labarin juna. Waɗanda aka fi sani a wurinmu su ne WhatsApp, Facebook, TikTok, YouTube, Instagram da X. A yankin Surko da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, maganarsu ta daina zama ta 'yan birni kaɗai. Ɗan da ya tafi ci-rani Kano ko Abuja yakan dawo wa uwarsa da babbar waya. Ɗalibar da ta shiga makaranta a Dutse takan tarar ana ba da sanarwar aji ta WhatsApp. Zumuntar mata da ta matasa da 'yan mawaƙa, kowacce tana son ta buɗe zaurenta.

Saboda haka iyaye da dattawa suna tambaya: ya dace mai bi ya shiga waɗannan kafafe? Amsarmu ita ce, shiga ba zunubi ba ce, ƙin shiga kuma ba ƙauyanci ba ne. Shawara ce da ya kamata mutum ya yanke da idonsa a buɗe, gama duk wanda ya shiga zai biya da abu uku: lokacinsa, kuɗinsa da wani ɓangare na sirrinsa. Wannan bayani yana nuna yadda kafafen suke aiki, da tambayoyin da mutum zai yi wa kansa kafin ya shiga, da yadda zai tsare kansa da iyalinsa in ya riga ya shiga.

Asalinsu da yadda suka iso gare mu

An kafa Facebook a Amurka a shekarar 2004, YouTube a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, Instagram kuma a 2010. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan kuɗi kusan dala biliyan 19, sa'an nan ya sauya sunansa zuwa Meta a 2021. Wato uku daga cikin manhajojin da muka fi amfani da su na kamfani ɗaya ne. TikTok na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin. Twitter kuwa an sauya masa suna zuwa X a 2023.

A Nijeriya wayar salula ta zamani ta fara aiki a 2001. Da farko kira ne da gajeren saƙo kawai. Da wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel suka yawaita, ga kuma saƙon murya wanda ba ya bukatar a iya karatu, sai kafafen suka shiga har gidajen da ba a taɓa sayen jarida ba. Wannan ne ya sa tsohuwar da ba ta yi makaranta ba take iya jin abin da ya faru a Legas kafin a faɗe shi a rediyo, take kuma iya tura shi ga mutum hamsin kafin a san ko gaskiya ne.

Me ya sa ba a biyan kuɗin shiga?

Ba wanda ya taɓa biyan kuɗi don ya buɗe shafin Facebook, duk da haka kamfanin yana cikin mafiya arziki a duniya. Dalili shi ne talla. Fiye da kashi 95 cikin ɗari na kuɗin shigar Meta daga talla yake fitowa. Mai talla yana biya ne don a nuna kayansa ga mutumin da ya dace, saboda haka kamfanin yana bukatar abu biyu daga gare mu: mu daɗe muna kallo, ya kuma san ko mu su wane ne.

Don haka manhajar tana lura da abin da muka tsaya a kai, da wanda muka wuce da sauri, da garin da muke, da mutanen da muke hulɗa da su. Daga nan sai ta riƙa kawo mana irin abin da ta ga yana tsayar da mu. In mutum ya tsaya kan bidiyon faɗa sau uku, gobe faɗa zai tarar. An gina shafukan yadda ba su da ƙarshe. In wannan bidiyo ya ƙare wani ya riga ya fara. Wanda ya ce zai duba na minti biyar ya ga awa ta wuce, ba raunin halinsa kaɗai ba ne. An tsara abin ne don ya riƙe shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Bayanan da ake tarawa kuma ba kullum suke zama inda aka ajiye su ba. A 2018 aka gano cewa wani kamfani mai suna Cambridge Analytica ya samu bayanan mutane har kusan miliyan 87 daga Facebook ba tare da yardar yawancinsu ba, domin aikin siyasa. A watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasar nan. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanai ta 2023, amma doka ba za ta dawo da abin da mutum ya saki da hannunsa ba.

Amfanin da ba a musu

Ba daidai ba ne a yi magana kamar babu alheri a ciki. Manomin da ya san farashin riɗi ko gyaɗa kafin ya ɗora buhunansa zuwa kasuwar Sara ya fi wanda ya tafi a makance. Uwar da 'yarta ke aure a nesa tana ganin jikanta da ido, ba labari kawai ba. In ana neman mai ba da jini ga majinyaci a asibitin tarayya na Birnin Kudu, saƙo ɗaya a zauren matasa yana iya tara mutane cikin awa guda. Tela da mai kitso da mai sayar da awaki suna nuna aikinsu ga waɗanda ba su taɓa zuwa ƙauyensu ba. Ɗalibai suna samun sanarwar jarrabawa da ta tallafin karatu. Marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya zuwa sujada suna jin wa'azi da waƙoƙi da Hausa a kan gadonsu.

Duk waɗannan amfani suna da hali ɗaya: mutum ya san abin da ya je nema, ya samu, ya fito. Ɓarna takan fara ne sa'ad da aka shiga ba da wata manufa ba.

Tambayoyi biyar kafin a shiga

1. Me nake nema a ciki? In amsar ita ce magana da 'ya'ya da jin sanarwar ikilisiya, WhatsApp kaɗai ya isa. Babu dalilin buɗe Facebook da TikTok a kansa. In amsar ita ce "kowa yana ciki", wannan bai kai dalili ba.

2. Daga ina lokacin zai fito? Yini bai ƙaru ba. Awar da za a ba waya, daga barci za a ɗauke ta, ko daga gona, ko daga karatu, ko daga hirar iyali. Gara mutum ya faɗa wa kansa wanne ne tun da wuri.

3. Nawa zan kashe? A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Bidiyo ne ya fi cin data. A haɗa da kuɗin caji a inda babu wuta. Mutum ya lissafa na wata guda, ya gwada shi da kuɗin buhun taki ko kuɗin makarantar yaro.

4. Wa zai riƙe mabuɗin? Mutane da yawa a ƙauyukanmu wani ne ya buɗe musu shafi a shagon waya, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma da lambar wayarsa. Irin wannan shafi sunanka ne a kai, amma ba naka ba ne.

5. Ina iya yin shiru? Wanda ya san ba ya iya jin zagi ya ƙyale, ko ba ya iya ganin labari mai zafi bai tura ba, ya fi kowa bukatar jinkiri.

Ma'aurata su yi wannan shawara tare. Matashin da ke gaban iyayensa ya yi ta da su. Wanda ya auna ya ga bai shirya ba, ya riƙe ƙaramar wayarsa ba tare da jin kunya ba. Shugabannin ikilisiya kuma su tabbata ba a bar shi a baya ba wajen sanarwa.

Kiyaye lokaci

Lissafin yana da sauƙi. Awa 2 a kowace rana ta zama awa 730 a shekara, wato fiye da kwana 30 cur, dare da rana. Awa 3 ta zama kwana 45. Da wani zai ce mana mu ba shi wata guda daga shekararmu kyauta, da mun ƙi. Amma mukan ba da shi minti goma-goma ba mu sani ba. Manzo Bulus ya gargaɗi Afisawa a kan yin amfani da zarafi da hikima (Afisawa 5:15-16), gargaɗin kuwa ya shafi waya kamar yadda ya shafi kowane abu.

Hanyoyin da suka fi taimakawa su ne waɗannan:

A fara da sanin gaskiyar lamarin. Yawancin manyan wayoyi suna da wuri a cikin setin da ke nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. Mutum ya duba na mako guda kafin ya ce shi ba ya daɗewa.

A sa wa waya lokacinta. Alal misali, sau ɗaya da rana bayan an dawo daga aiki, sau ɗaya da yamma kafin abinci. Saƙon gaggawa na gaske yakan zo ta kira.

A kashe ƙarar shigowar saƙo ta zaurukan da ba na dole ba. Kowace ƙara kira ce, wanda kuma ake kiransa sau ɗari a yini ba zai gama aiki ba.

A keɓe wuraren da waya ba ta shiga: wurin cin abinci, lokacin addu'ar iyali, cikin majami'a, da kan gado. Mai karanta Littafi Mai Tsarki a waya lokacin sujada ya rufe data tukuna.

A bi yanayin shekara. Da damina, daga shuka zuwa noman farko, da kuma lokacin girbi, matashin da ya kwana yana kallon bidiyo ba zai riƙe fartanya da safe ba. Haka ɗalibi a makon jarrabawa. Ba laifi mutum ya cire manhajar gaba ɗaya na 'yan makonni, ya mayar daga baya.

Alamun da ke nuna abin ya fi ƙarfin mutum sun haɗa da waɗannan: waya ce farkon abin da yake taɓawa da asuba, ita ce kuma ta ƙarshe da dare; yana jin haushi in data ta ƙare; yana cin bashi don ya saya; yana ɓoye allon in matarsa ko mijinta ya matso; ya daina zuwa gaisuwar rashin lafiya ko ta mutuwa don ya riga ya rubuta a zaure. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Saƙo yana sanar da mutum cewa an tuna da shi, amma ba ya zama kusa da wanda aka yi wa rasuwa.

Tsare sirri

Ƙa'ida ta fari ita ce: duk abin da ya bar wayarka ya bar ikonka. Gaskiya ne WhatsApp yana kulle saƙo a kan hanya tun 2016, yadda wani a tsakani ba zai karanta ba. Amma kullewar tana ƙarewa ne a wayar wanda aka aika wa. Shi yana iya turawa, yana iya ɗaukar hoton allon, yana iya kunna muryarka a gaban mutanen da ba ka taɓa gani ba. Zaure mai mutum arba'in ba ɗaki ba ne, dandali ne. Magana zarar bunu ce, a waya kuwa ta fi haka, gama ana iya ajiye ta shekaru a fito da ita ranar da ba ka zata ba.

Abubuwan da ba a sa wa a shafi ko a zaure:

- lambar BVN, lambar NIN, hoton katin ATM, da kowace lambar da banki ko manhaja ta aiko maka;
- labarin cewa ka sayar da shanu ko amfanin gona, ko an biya ka wasu kuɗi;
- ranar da za ka yi tafiya, da hanyar da za ka bi, da cewa gida ba kowa;
- hoton yara da kayan makaranta wanda ke nuna inda suke karatu;
- hoton majinyaci ko na gawa, ko da da niyyar neman addu'a ne, sai da yardar iyalin;
- hoton tsiraici ko na kusa da shi, ko ga wanda aka yi alkawarin aure da shi. Alkawari yakan warware, waya takan ɓace, hoton kuwa yana nan.

Matakan da kowa zai iya ɗauka a yau:

- A sa wa waya makulli na lamba ko na yatsa kafin a kai ta wurin masu caji ko masu gyara. In za a bar ta kwana, a cire layi da katin ajiya.
- A tabbata layin da sunan mai shi aka yi masa rajista. Tun ƙarshen 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layi da NIN, layin kuma shi ne mabuɗin asusun banki da na WhatsApp. In waya ta ɓace, a sa a rufe layin da asusun banki a ranar.
- A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri mai alƙaluma shida wadda kai ka zaɓa. A sashen sirri a zaɓi waɗanda za su ga hotonka, da waɗanda ke da izinin sa ka a zaure.
- A Facebook a mayar da abin da kake wallafawa ga abokai kawai, a ɓoye lambar waya da ranar haihuwa, kada kuma a karɓi abotar wanda ba a sani ba don hotonsa ya yi kyau.
- Kada kalmar sirri ta zama shekarar haihuwa ko lambar waya.

Abin da ya faru kusa da mu

Ba mu kawo waɗannan misalai don mu tsoratar ba, sai don su ne suka fi nuna nisan da saƙo ɗaya yake iya kaiwa.

Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bayan an zarge ta da ɓatanci a wani saƙon murya da ta aika zauren WhatsApp na ajinsu. Majalisar Sarkin Musulmi da shugabannin Kirista duk sun yi tir da kisan. Babu maganar da ta ba taron jama'a izinin ɗaukar rai.

Bayan kwana takwas rikici ya tashi a ƙaramar hukumar Warji ta jihar Bauchi, wadda ke maƙwabtaka da mu. Wata ma'aikaciyar lafiya, Rhoda Jatau, ta tura wani bidiyo game da kisan zuwa zauren abokan aikinta. Ba ita ta yi bidiyon ba, turawa kawai ta yi. An kama ta, ta yi fiye da shekara ɗaya da rabi a tsare kafin a ba da belinta a Disamba 2023, kotu kuma ta wanke ta a Disamba 2024. An wanke ta, amma watannin da ta yi nesa da 'ya'yanta ba su dawo ba.

A nan jiharmu, a watan Nuwamba na 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse a kan abin da ya rubuta a Twitter game da Aisha Buhari, matar shugaban ƙasa na lokacin. Ya yi rubutun tun watanni kafin haka. An kai shi Abuja, an gurfanar da shi, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar.

Darasi uku ke nan. Zauren aji ko na aiki ba wurin sirri ba ne. Wanda ya tura saƙo ana ɗaukarsa kamar wanda ya rubuta shi. Tsohon rubutu kuma ba ya mutuwa. Mu da muke zaune a tsakanin maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, ba mu da dalilin ɓoye bangaskiyarmu, amma ba mu da hurumin zagin abin da wani yake girmamawa, ko tura abin da wani ya zaga. Muhawarar addini a shafi da wuya ta sauya zuciyar kowa. Abin da takan bari shi ne gaba a tsakanin mutanen da za su haɗu gobe a kasuwa. In an ga kuskure ko zalunci, akwai dattawa, akwai masu unguwa da hakimai, akwai lauyoyi da shugabannin ikilisiya.

Ya kamata kuma a san doka. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da ya kai shekara 3, ko duka biyun, a kan wasu irin saƙonni. An yi wa sashen gyara a 2024, amma har yanzu ya shafi aika batsa da aika ƙaryar da aka sani ƙarya ce don a tayar da hankalin jama'a. Ɓata suna ma laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Jita-jita

A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa sun kwanta asibiti, wasu sun mutu. Waɗanda suka tura saƙon masoya ne, suna so su ceci 'yan'uwansu. A 2018 binciken BBC ya nuna cewa wasu hotuna masu tayar da hankali da aka yaɗa a Facebook lokacin rikicin jihar Filato ba a can aka ɗauke su ba. Ɗaya daga ƙasar Kongo ya fito, shekaru kafin rikicin. A yau kuma ana iya ƙirƙirar hoto da murya da kwamfuta, su yi kama da na gaske.

Kafin a tura labari a tambaya: wa ya faɗa? Yaushe? A ina? Wata kafar labarai da aka sani ta kawo shi? Saƙon da ya ce a tura wa mutum goma nan take, ko wanda ke sa jini ya tafasa tun ba a gama karantawa ba, shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. WhatsApp da kansa ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019 saboda wannan matsala. Dokar da ta hana shaidar zur (Fitowa 20:16) ba ta keɓe yatsa daga harshe ba.

Damfara

Dabarun da suka fi yawa su ne uku. Na ɗaya, wani ya kira ya ce ana shirya taron addu'a ko na ƙungiya ta intanet, an turo maka lamba shida, ka karanto masa. Wannan lambar ita ce mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da zarar ka ba shi ya ƙwace, sai ya shiga roƙon kuɗi da sunanka. Na biyu, a buɗe shafi da hoton fasto ko na wani babba, a ce ana rabon tallafi ko aikin gwamnati amma sai an biya kuɗin fom. Na uku, tsarin zuba kuɗi da ke alkawarin ninki cikin wata guda. MMM ya rufe da kuɗin jama'a a Disamba 2016, CBEX ya yi haka a Afrilu 2025, a duka biyun kuwa mutane da yawa ta hannun ɗan'uwa ko aboki suka shiga. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In saƙon neman kuɗi ya zo da sunan wanda ka sani, kira shi ka ji muryarsa kafin ka aika ko sisi.

Yara da matasa

Ƙa'idar Facebook da TikTok da Instagram ita ce ba a buɗe wa wanda bai kai shekara 13 shafi ba. Ƙasar Ostireliya ta ga wannan bai isa ba, ta yi doka a 2024 ta ɗaga zuwa shekara 16. Iyaye ba sa bukatar jiran doka. Yaron da ba za a bari ya tafi kasuwar Kano shi kaɗai ba, bai kamata a bar shi da waya mai data shi kaɗai cikin dare ba. Waya ta kwana a ɗakin iyaye. Iyaye su san shafukan da 'ya'yansu suke, ko da wani amintacce ne zai duba musu. Mafi muhimmanci, yarinya ko yaro su san cewa in wani ya nemi hotonsu, ko ya yi musu barazanar tona asiri, za su iya faɗa a gida a taimake su kafin a yi musu faɗa. Mai barazana da tsoron yaro yake aiki.

Zaurukan ikilisiya

Kowane zaure ya kasance da manufa a rubuce da masu kula aƙalla biyu waɗanda majalisar dattawa ta sani. Kada a sa mutum sai da izininsa. Kada a sa siyasar jam'iyya, ko tallar zuba kuɗi, ko hotunan gawarwaki. Roƙon addu'a ba ya bukatar sunan cuta ko bayanin rikicin aure. Maganar horo da ta sulhu ba ta zaure ba ce. Tsarin da Ubangiji ya bayar shi ne a fara samun mutum shi kaɗai (Matiyu 18:15). Kuɗin baiko da na gudummawa su bi ta asusun ikilisiya wanda aka sanar a majami'a, ba ta lambar da aka turo a saƙo ba. Kowace sanarwa kuma a maimaita ta ranar Lahadi saboda waɗanda ba su da babbar waya.

In an yanke shawarar fita

Fita ba faɗuwa ba ce. Cire manhaja daga waya ba ya rufe shafi; sai an shiga setin an zaɓi dakatarwa ko sharewa. Facebook yana ba da kwana 30 kafin ya share shafin da aka nemi a share, in mutum ya sake shiga cikin waɗannan kwanaki yana iya soke buƙatar. Kafin a fita a kwashe hotunan da ake so, a sanar da 'yan'uwa hanyar da za su same ka, don kada wani ya buɗe sabon shafi da sunanka su ɗauka kai ne. In za a sayar da waya ko a ba wani, a goge kome a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Tambayoyi don tattaunawa a zumunta

1. Awa nawa kowannenmu ya yi a waya a makon da ya wuce, daga wane aiki kuma aka ɗauke su?
2. Wa ya san kalmar sirrin shafinka ban da kai?
3. In labarin kai hari ya shigo zaurenmu da tsakar dare, wa za mu tambaya kafin mu tura?
4. Su wane ne a ikilisiyarmu ba sa jin sanarwa saboda ba su da babbar waya, wa kuma zai riƙa kai musu?